Don Allah a daina fassara matrilineal da "mulkin mata"

Jama'a ina neman taimako. Wani darasi nake fassarawa na ci karo da kalmomin Turanci matrilineal, matriarchy da patriarchy, kuma duk inda na leƙa sai in ga an cusa biyun farko a buhu ɗaya an ce mulkin mata. Wallahi ba ɗaya ba ne: matrilineal lissafa zuri'a ce ta wajen uwa, matriarchy kuwa maganar iko ce.

Ku ɗauki Minangkabau na yammacin Sumatra a Indonesiya, musulmai ne fa, babban gidan zuri'a da gonar shinkafa daga uwa suke sauka kan 'ya mace, miji shi ke tarewa gidan su matar, amma in maganar dangi ta taso wa ake turawa gaba? Kawu, mamak suke ce masa. Haka Ashanti na Gana, yaro ɗan dangin uwarsa ne, uwar masarauta wato Asantehemaa ita ke nuna wanda zai hau karaga, amma mai hawan namiji ne, kuma ta ɗakin uwa yake samun cancanta, ɗan sarki sai dai kallo. Na san za a ce ai Yaa Asantewaa, wata uwar masarauta a ƙasar Ashanti, ta ja yaƙi da Turawan Ingila a 1900, eh ta ja, amma kujerar Asantehene, wato sarkin Ashanti, dai ta maza ce. Khasi na Indiya ma 'yar auta ke gadon gida, kawunnai na gefe suna sa baki. To ina mulkin matan a nan?

Da na nemi fassarar matrilineal, wani ya kawo "gadon uwa", ni dai bai kwanta min ba, Bahaushe na ji zai ɗauka dukiyar mamaciya za a raba. Wata yayarmu ta ce "dangin uwa", Yaya ai wannan kowa na da shi, har wanda ake kira da sunan ubansa. Sai wani Malam ya shigo ya ce a ɗauki nasaba, tunda ita ce ke nuna ta wajen wa ake lissafa mutum. Allah ya ƙara ilimi Malam, ta zauna daram: nasabar uwa, kishiyarta patrilineal kuma nasabar uba. Gwada ta a jimla, Ashanti masu bin nasabar uwa ne, ko tuntuɓe babu.

Matriarchy ita ce mai maganar iko, wutsiyar kalmar ma daga Girkanci take, ma'anarta mulki. Na fi son "mulkin iyaye mata" a kan mulkin mata zalla, don ba kowace mace ake nufi ba, uwaye ne.

Patriarchy ce ta hana ni barci. "Mulkin iyaye maza" ya yi in ana maganar maigida da iyalinsa, amma masu fafutukar haƙƙin mata in sun faɗe ta ƙorafi ne a bakinsu, kusan "babakeren maza" suke nufi. Na sa ta farko a darasin, ta biyun na ajiye sai na ji daga gare ku kafin gobe da yamma.