Ƙaramar ko babbar? Ku gaya mini abin da kuka gani kafin a saya

Malamar Garin Malam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman waɗanda suka taɓa riƙe jakar Alma ta Louis Vuitton, ta fatar nan mai siraran layuka da suke kira Epi. Yayana da ke aiki a Faransa ya ce zai saya mini ita saboda ƙarin girman da na samu wurin aiki, ya bar mini zaɓi tsakanin biyu. Ƙaramar, BB, faɗinta santimita 23,5 ne, tsayinta 17,5. Babbar, PM, faɗi 32, tsayi 25. Kowace ta haura miliyan ɗaya na sefa, kuma kamfanin ba shi da shago a Nijar balle in ce in ba ta yi mini ba a mayar a canzo. Da kabu-kabu nake zuwa makaranta, buki da suna kuma ba sa wuce ni. Hoto na gani har na gaji. Wadda ta riƙe da hannunta nake son ji daga bakinta, don Allah.

Hajiya Mai Atamfa:
Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya sanya alheri, ya saka wa yayanki. Babbar gare ni, baƙa, kuma da ita nake fita Kasuwar Dole kullum. Ga abin da ke cikinta yanzu haka: waya biyu, caja, kayen bashi, makullan shago, tabarau a gidansa, carbi, kwalbar turare, kuɗin ciniki a ɗaure da roba, da hijabin salla mai laushi a naɗe. Duk da haka zif ɗin yana rufuwa ba tare da na danna ba. Abin da ya fi burge ni da ita, in ka ajiye ta tsayawa take da kanta, don akwai ƴan ƙusoshin ƙarfe huɗu a gindinta, fatar ba ta taɓa ƙasa.

Amma zan gaya miki tsakani da Allah, ni mota ke kai ni ta maido ni. Jakar hannu ce, ko ki riƙe ta da yatsu ko ki rataya a gwiwar hannu, kuma tawa ba ta zo da igiyar kafaɗa ba, daban ake sayenta. In na cika ta na zaga da ita daga layin ƴan atamfa zuwa bakin titi, hannuna yana sanar da ni. Ke da kika ce kabu-kabu, ki yi tunanin wannan da kyau.

Uwar Tagwaye:
Yauwa Hajiya, nan ne gizo ke saƙar. Ni ƙaramar gare ni, kuma saboda moto na zaɓe ta. Tana zuwa da doguwar igiya da ake cirewa a mayar. In zan fita sai in sagala ta a ƙirji, in zumbula hijabi a kai, babu wanda ya san da ita. Hannuna biyu a sake, ɗaya na riƙe ƙarfen moto, ɗaya na tare bakin hijabi kada taya ta ja. Da babba fa dole ki ɗora ta a cinya tsakaninki da mai moto, kuma kowa a hanya yana kallonta.

Abin da take ɗauka: wayata, kuma babbar waya ce, ƙaramin alabe, katin shaida, makulli, jambaki, hoda, kwalli, hankici, da ɗan turare na mai. Shi ke nan. Gorar ruwa ba ta shiga. Dogon alabe yana shiga amma shi kaɗai zai cinye rabin wurin, shi ya sa na koma ɗan ƙarami. Kayan yara kuwa ba a ma maganarsu, jakarsu daban.

Ƴar Zango:
Tambaya gare ni ga Hajiya. Tunda malama ce, takardun ɗalibai za su shiga babbar?

Hajiya Mai Atamfa:
Ba za su shiga yadda kike so ba, ɗiyata. Faɗi 32 ɗin nan na gindi ne. Samanta a zagaye yake kamar kan rumbu, yana tsukewa. Takardar A4 tsawonta 29,7 ne, faɗinta 21. Na sha sa takardun duwan a ciki, sai na lanƙwasa su, in ba haka ba zif ya kama gefen. Kwafin jarrabawar aji guda kam a manta da shi.

Ungozoma daga Sabon Gari:
To in dai babbar ma ba za ta ɗauki kayan aiki ba, ni ban ga dalilin ɗaukar nauyinta ba. Bari in yi maganar buki, don nan na fi sanin bambancinsu. Ni da aminiyata mun je kamun wata ƙanwarmu, ita da babba, ni da ƙarama. Kun san yadda gidan buki yake: tabarma, mata a cushe, yara na tsallake mutane, ga kwanon miya ana miƙawa ta saman kai. Tawa tana kan cinyata ƙarƙashin mayafi tun da na zauna har na tashi. Ita kuwa ta rasa inda za ta ajiye tata. In ta ajiye gefe ana takawa, in ta rungume ba ta iya cin abinci, da aka tashi rawa sai da ta nemi wadda za ta riƙe mata. Ta ji daɗin bukin rabi da rabi.

Sai kuma tsawon mutum. Ni gajera ce, in na naɗa lafaya na ɗauki babbar jaka, jakar ake fara gani kafin ni. Aminiyar tawa doguwa ce mai jiki, babbar ta yi mata kyau sosai a hoto, wannan ba zan hana ta ba.

Tanti ta Birni:
Ku yi haƙuri yara, ni ban bi bayanku ba. Jaka irin wannan ba ta shekara biyu ba ce, abu ne da za ki riƙe har ki bar wa ɗiyarki. Yau waya da jambaki kike ɗauka. Gobe ga tabarau na karatu, ga magani, ga katin asibitin yaro, ga goron da za ki kai wa surukai. Ni da girma ya zo mini, duk ƙananan jakunkunana sai da na rabar. Kuma mace mai matsayi in ta shiga taron iyayen yara ko ta je gaisuwa fada ranar hawan salla, babbar jaka a hannu ta fi cika ido. Ƙaramar ta ƴan mata ce a ganina.

Jikar Baduku:
Tanti, maganarki abin dubawa ce, Allah ya ƙara girma. Ni ban taɓa mallakar ko ɗaya daga cikinsu ba, amma a gidan dukanci na tashi, kuma mata da yawa sun kawo wa kawuna irinsu gyaran hannu ko ɗinki, na juya su ciki da waje. Abu uku zan ce, Malama.

Ki nemi kwali ki yanka. Ƙaramar 23,5 da 17,5, kaurinta 11,5. Babbar 32 da 25, kauri 16. Ki zagaye saman, ki liƙe, ki zuba duk abin da kike fita da shi jiya da yau, ba abin da kike tsammanin za ki ɗauka ba. Sa'an nan ki sa hijabinki ki tsaya gaban madubi, ki zauna a kujera ki ɗora a cinya. Kawuna ba ya taɓa sa wuƙa a fata sai ya yi wa mai jaka wannan, don ya sha ganin wadda ta rantse babba take so, tana ɗaukar kwalin ta sauya magana. Gani ya kori ji.

Na biyu, fatar. Epi fatar saniya ce da aka rina aka danna mata layukan nan, tun 1985 suke yin ta. Tana da tauri, ba ta miƙewa. Jaka mai laushi in kin ƙara mata kaya za ta buɗe ta karɓa, wannan kuwa abin da ta ɗauka ran farko shi za ta ɗauka har abada, in kika matsa mata zif ne zai wahala. Kuma mu nan muna da abokan gaba biyu, ƙurar hunturu da zafin bazara. Ƙura tana kwanciya cikin layukan, sai a bi su da tsumma mai laushi busasshe. A watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, kada a bar ta cikin mota ko jikin taga. Don Allah kada a shafa mata man kaɗanya ko man shanu. Wannan na fatarmu ce da aka jeme da bagaruwa, ita ke shan mai. Waccan an rufe fuskarta, man zai zauna a kai ya kama datti. Babbar jaka ta fi samun gogewa a kusurwa, don ita ce ke karo da ƙofa da ƙarfen moto.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Muna zaune a Damagaram, garin da aka san shi da jima da dukanci tun zamanin fatake, ga fatar jar akuyar Maraɗi da Turawa da kansu ke nema saboda laushinta da ƙarfinta. In jakar aiki kike so wadda za ta ɗauki kwafi da kaye da gorar ruwa, baduku zai auna takardunki ya ɗinka miki daidai su, ja ta karan dafi ko baƙa, da igiyar kafaɗa mai faɗi, da aljihun waya a ciki. Kuɗin ba zai kai kusa da bambancin da ke tsakanin ƙaramar da babbar ba. Ki dai zauna da shi ki gaya masa kina son ɗinki biyu a hannun jakar, kuma ki shinshina fatar kafin ya yanka, wadda ba ta jemu sosai ba tana wari da damina.

Ɗan Damagaram a Faransa:
Ku gafarce ni iyayena da yayyena, na shigo cikin maganar mata. Na saya wa maiɗakina ƙaramar, shi ya sa. Yaya Malama, ki gaya wa yayanki ya shiga shagonsu da kansa ya karɓi takardar sayayya, kada ya bi masu cewa suna da rangwame, kamfanin ba ya yin rangwame. Lissafi kuma mai sauƙi ne, yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, wato yuro 1.000 ya kama kusan jika 656. Akwai harajin kashi 20 cikin 100 a kan kaya a nan, kuma baƙon da ba mazaunin Tarayyar Turai ba ana mayar masa da wajen kashi 12 na kuɗin kayan in ya nuna fasfo a shago, ya kuma tabbatar da takardar a filin jirgi kafin ya fita. Mazaunin Faransa ba ya samun wannan. In akwai ɗan uwa da zai zo ziyara daga gida, gara shi ya saya da sunansa ya taho da ita.

Malamar Garin Malam:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi kwalin kamar yadda Jikar Baduku ta ce. Kayana na kullum sun shiga ƙaramar har da sauran wuri, in ban da gidan tabarau, shi sai na kwantar da shi a sama. Babbar da na ɗora a cinya na ga ba zan iya hawa moto da ita hankali kwance ba, kuma kwafin yara bai shiga ba kamar yadda Hajiya ta faɗa. Tanti, ki yafe mini, ƙaramar zan ce masa. Ta aiki kuma a nan gida zan ba da a ɗinka. Saura kala, baƙa ko ja mai duhu?

Tanti ta Birni:
Babu komai ɗiyata, ke za ki riƙe. Amma a kala kam ki ji tawa: baƙa. Tana shiga da kowace atamfa da kowane leshi, ba sai kin tsaya neman mayafin da zai dace da ita ba.

Uwar Tagwaye:
Tawa ja ce mai duhu kuma ƙura ba ta nunawa a kanta kamar yadda take yi a baƙa. Ki ce ya ɗauko miki hoton duka biyun a hasken rana, ba a fitilar shago ba. Sa'an nan ya gwada tsawon igiyar a jikinsa ya gaya miki inda ta tsaya masa, ki kwatanta da tsawonki.