Abin da makanikai suka ce kan robar da ta cika motocin yanzu

Ranar Asabar na zauna a wani gareji a Tudun Wada, Gombe, hira da makanikai ta kai ga yadda roba ta mamaye motoci: bamba, dashbod, gilashin fitila, har tankin mai. Kamfanoni na son ta saboda ba ta da nauyi, mota ta rage shan mai, kuma ba ta tsatsa. Sai dai zafin bazararmu ba ya raga mata.

An fi daɗewa kan lagireto. Na yanzu bakinsa roba ne, cikinsa alminiyam. Shawarar ita ce a bar zuba ruwan rijiya zalla, a sa kulan, wato ruwan musamman na sanyaya inji, kuma in mota ta yi zafi a jira ta huce kafin a buɗe murfi. In robar ta tsage, a canza. Liƙi da gam ba ya kai ka Bauchi, kuma na gaskata, don ya taɓa tsayar da ni a Alkaleri.

Bamba kuwa in ta tsage, narka robar ake yi a haɗe, ba a cusa mata fila, wato ƙullin da ake cike lotsewar jikin mota da shi. Tankin mai na roba kada a kusance shi da wutar walda. Fitilar da ta yi ruwan ɗorawa ana goge ta, amma a riƙa ajiye mota a inuwa.