Kirak ne ke kashe kwamfuta ko ƙurar hunturu? Muhawarar masu gyara a Jos

Mai shagon gyara, Terminus: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ake ta yawo da ita, wai Windows da Office na kirak, wato waɗanda aka karya makullinsu don a yi aiki da su ba lasisi, su ne ke lalata wa mutane kwamfuta. Ni ban yarda ba. Kirak ba ya ƙona madabod, ba ya kumbura batir, ba ya cinye faifai. Abin da ke kawo laftof kan teburin gyara a garin nan ƙurar hunturu ce, da cajar da ba tata ba, da tsohon faifan ajiya na HDD da ya gaji. A buɗe duk wadda ta shekara ba a share ta ba, tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da iska ke bi za a zaro ƙura a dunƙule kamar audugar katifa. Mutanenmu suna ganin tunda Jos da sanyi na'ura ba ta zafi, alhali iskar ce ta rasa hanyar fita. Sai firosesa ya haura digiri 90, ya rage gudu da kansa, mai ita ya ce bairos ne. Batun illar kirak tsoratarwa ce ta masu sayar da lasisi.

Injiniyan sadarwa, Rayfield: Wa alaikumus salam Oga. Kan ƙura ba mu da ja. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Babu wanda ya ce kirak yana ƙona ƙarfe. Abin da yake ci shi ne abin da ke cikin na'urar. Mu duba yadda ake saka shi mana. Sharaɗin farko da ake gindaya maka shi ne ka kashe Defender, manhajar tsaron da ke zuwa da Windows. Na biyu, fayil ɗin yana zuwa a ƙunshe da kalmar sirri, irin su 123, kuma ba don tsaronka aka kulle shi ba, an kulle ne don kada manhajar tsaro ta leƙa cikinsa kafin ka kwance. Na uku, ka ba shi ikon mai gida a kan dukkan na'urar. Ka kori mai gadi, ka karɓi kaya a rufe, ka miƙa makulli. Wanda ya rubuta fayil ɗin kuma ba ka san shi ba.

Mai shagon gyara, Terminus: Injiniya, Defender yana ihu a kan kowane kirak ne don na Microsoft ne. Ka duba sunan da yake ba su, HackTool yake cewa, bai ce Trojan ba.

Injiniyan sadarwa, Rayfield: Gaskiya ne, kuma akwai waɗanda kunna Windows ɗin kawai suke yi. Matsalar ita ce mai sauke shi ba shi da hanyar bambancewa. Ka rubuta KMSpico, wani kirak na kunna Windows, a Google, shafuka za su fito rututu, kowanne yana cewa shi ne na asali. A ƙarshen 2021 kamfanin tsaro na Red Canary ya nuna yadda ake cusa CryptBot, manhajar satar bayanai, a cikin irin wannan fayil. Windows zai kunnu lafiya lau, mai shi ya yi murna, ta bayan fage kuma an kwashe kalmomin sirrin da ke ajiye a burauza. A 2021 ɗin dai kamfanin tsaro na Avast ya bayyana Crackonosh, wanda ke zuwa cikin wasannin kirak, ya kashe Defender da sabuntawar Windows, ya mayar da firosesanka mai haƙo wa wani kuɗin intanet na Monero dare da rana. A watan Mayun 2025 Microsoft ta ce ta gano kwamfutoci sama da 394,000 da Lumma, shi ma mai satar bayanai, ya shiga cikin wata biyu kacal, kuma manhajar kirak na cikin hanyoyin da yake bi.

Abin da ya fi ciwo a nan shi ne, irin waɗannan ba kalmar sirri kaɗai suke ɗauka ba. Suna ɗaukar shaidar da burauza ke riƙewa cewa ka riga ka shiga Gmail ko Facebook. Da ita ɓarawo zai iya shiga ba tare da an tambaye shi lambar da ake turowa waya ba.

Mai koyon gyara, Dilimi: Yallabai, to in laftof tana zafi fanka na ihu, ta yaya zan gane ƙura ce ko irin wannan haƙar ce?

Injiniyan sadarwa, Rayfield: Tambaya mai kyau, ƙanena. Rufe komai, ka buɗe HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin na'ura, ka bar ta minti goma. Lafiyayyar laftof da ba ta aikin komai takan zauna tsakanin digiri 40 zuwa 55. In aikin firosesa bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba amma zafi yana 75 ko 80, ƙura ce ko man da ke taimaka wa firosesa fitar da zafi ya bushe. In kuwa ba ka buɗe komai ba aikinsa yana sama, wani ne ke amfani da ita. Wasu ma da wayo, kana buɗe Task Manager za su lafa, fanka ta yi shiru, kana rufewa ta dawo. Wannan lafawar kanta shaida ce. In kana son yanke shakka, tayar da ita da filashin Linux Mint, wani tsarin da ba Windows ba, ba tare da ka saka shi a faifanta ba. In ta yi sanyi a can, ba ƙarfe ba ne.

Mai shagon gyara, Terminus: In kuma ƙurar ce, kada ka hura iska daga waje ka ce ka gama, ƙara tura ta ciki ka yi. Cire bayan, ka fara zare igiyar batir kafin ka taɓa komai. Danne fanka da yatsa lokacin hurawa don kada ta yi gudun da ya fi ƙarfinta. Goge tsohon man da sifirit mai kashi 90 ko sama, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, ka ɗaure kusoshin bisa lambobin da ke jikinsu, kaɗan-kaɗan, ba ka ƙarasa ɗaya ka koma ɗaya ba. Sannan ka duba caja. Dell in ba ta gane cajarta ta siririyar allurar tsakiyar nan ba, takan ƙi cika batir kuma ta rage gudun firosesa. Da yawa an yi musu fomat a banza saboda wannan.

Malamar kwamfuta, Farin Gada: Oga, ni tambayata ɗaya ce. Laftof ɗin da muke sayarwa a nan, EliteBook da Latitude da ThinkPad, daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito. Tun zamanin Windows 8 masu ƙera su suke dasa lambar lasisi a cikin BIOS, wato manhajar da ke dashe a madabod. Wato akasarinsu da lasisinsu na halal suka iso Jos. To me ya kawo kirak?

Amsar ita ce filashin da ke yawo hannu zuwa hannu. An gyaggyara Windows ɗin da ke ciki, ko kuma an saka nau'in Windows na Enterprise a kan na'urar da lasisinta na Pro ne ko Home. Sai ya ƙi kunnuwa, sai a ɗauko kirak. Ga yadda za a gane. Buɗe Command Prompt da ikon mai gida, ka rubuta slmgr /dlv. In ka ga OEM_DM, lasisin cikin BIOS ne ke aiki. In ka ga VOLUME_KMSCLIENT a kwamfutar ɗaliba ko ta ɗan kasuwa, kirak ne, don KMS hanyar kunna Windows ce ta manyan ma'aikatu masu kwamfuta 25 zuwa sama, kuma kwana 180 yake yi sai an sabunta. Shi ya sa kirak ɗin yake dasa wani aiki a Task Scheduler da zai riƙa tashi da kansa. A Windows 10, wmic path softwarelicensingservice get OA3xOriginalProductKey zai fito maka da lambar da ke BIOS in akwai.

Gyaran ba wuya. Filashi mai giga 8, ka haɗa shi da Media Creation Tool daga shafin Microsoft, kyauta ne. Mai sakawar yakan karanta lambar BIOS ya zaɓi nau'in da ya dace da kansa. In ya tambayi lamba, ka tsallake, ka zaɓi irin nau'in da na'urar ta taɓa ɗauka, ka haɗa intanet. Ko da babu lasisin sam, Windows yana aiki ba a kunna shi ba. Rubutu ne zai zauna a kusurwar allo, a hana ka sauya hoton fuska daga saituna, amma sabuntawar tsaro tana zuwa.

Mai shagon gyara, Terminus: Malama, wannan na karɓa, ban da ta cewa. Amma kwastoma ba Windows kaɗai yake so ba. Yana miƙo laftof zai ce a zuba masa Office da CorelDRAW. In ka ce babu, shagon gaba zai tafi.

Mai shagon buga takardu, Bauchi Road: Nan ne fa tsugune ba ta ƙare ba. Malama, da girmamawa, masu cewa a koma LibreOffice, madadin Office na kyauta, ba su zauna da aikin ɗalibai na kammala karatu ba. Fayil ɗin Word mai shafi 80, da jadawali da lambobin shafi na Romawa a gaba, in ka buɗe shi a wata manhaja layuka sukan goce, shafi ya ƙaru. Corel kuma ya fi tsanani. Masu buga bana da kalanda da katin biki fayil ɗin CDR suke karɓa. Inkscape, manhajar zane ta kyauta, yana buɗe wasu, amma rubutu da launi ba sa zuwa daidai, kuma aikin launin CMYK da injin bugawa ke so ba shi da sauƙi a cikinsa. Kuɗin lasisi da dala ake lissafa shi, mu kuma da naira muke ciniki.

Malamar kwamfuta, Farin Gada: Alhaji, kan Corel ban da amsa mai daɗi, gaskiya ka faɗa. Kan Word akwai sauƙi. Yawancin gocewar daga salon rubutu ne. In babu salon Calibri da Cambria na Word, a saka Carlito da Caladea, faɗin haruffansu ɗaya ne, layi ba zai motsa ba. Word na intanet kyauta ne ga mai asusun Microsoft, sai dai yana cin data. Kuma duk aikin da za a buga, a ce wa ɗalibi ya kawo shi PDF.

Injiniyan sadarwa, Rayfield: Alhaji, shago irin naka ya fi kowa shiga haɗari, don filashi nawa ke shiga kwamfutarka a yini? Akwai STOP/Djvu, wanda ta kirak ya fi yaɗuwa. Yana kulle fayiloli, ya liƙa wa kowanne wasu haruffa huɗu a ƙarshen suna, ya ajiye takarda mai suna _readme.txt yana neman kuɗin fansa, wanda a shekarun baya dala 980 ne, ko 490 in an tuntuɓe su cikin awa 72. In ya samu intanet lokacin kullewar, makullin na'urarka daban ne da na kowa, babu mai buɗe maka. Aikin mutane na shekaru ya tafi. In dai ba za a rabu da Corel ɗin nan yau ba, aƙalla kada a buɗe imel ko banki a kan wannan kwamfutar, kada a ajiye kalmar sirri a burauzarta, kuma a kwafe aikin kwastomomi a faifan waje da ake zarewa bayan an gama. Faifan da ke maƙale kullum tare za a kulle su.

Dattijon zaure: 'Ya'yana, kun yi ta magana kan abin da zai same mu, ba ku taɓo haƙƙin mai kaya ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta haɗa da manhajar kwamfuta, kuma ta hana karya makullin da mai abu ya sa wa abinsa. Ta fuskar addini ma, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce haƙƙin wallafa da ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a. Wanda ya saka wa kansa don rashin hali, tsakaninsa da malamansa. Amma mai karɓar kuɗi ya ce wa kwastoma na asali ne alhali ya san ba haka ba, wannan algus ne, ba ya buƙatar fatawa.

Mai shagon gyara, Terminus: Baba, wannan haka yake. Duk wanda aka saka wa kirak a gaya masa. Amma ina nan kan bakata cewa mafi yawan na'urorin da ake kawowa ƙarfe ne ke damunsu. In CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, ya nuna rawaya a layin 05 ko C5, faifai ya fara mutuwa, a kwashe kaya a saka faifan zamani na SSD, ko da lasisin Makka aka kunna Windows ɗin ba zai hana ba.

Injiniyan sadarwa, Rayfield: Oga, ai wanda aka kwashe wa kalmar sirri ba ya kawo laftof shago, shi ya sa ba ka ganinsa a lissafinka. Na'urarsa tana aiki sumul. Facebook ɗinsa ne zai fara roƙon kuɗi a wajen 'yan'uwa.

Mai koyon gyara, Dilimi: To yanzu da aka ce an daina kula da Windows 10, masu EliteBook 840 G3 fa? A tura musu Windows 11 da Rufus, manhajar haɗa filashin Windows?

Malamar kwamfuta, Farin Gada: An daina tun 14 ga Oktoba 2025, rana ɗaya da Office 2016 da 2019. Windows 11 yana son na'urar tsaro ta TPM 2.0 da firosesan Intel zubi na 8 zuwa sama, G3 kuwa zubi na 6 ne. G5 da Latitude 7490 da ThinkPad T480 masu firosesa zubi na 8 sun cika sharaɗi. Ga G3, abin da ya fi sauƙi shi ne shirin ESU na Microsoft, wanda a 2025 aka sanar zai ba da sabuntawar tsaro zuwa 13 ga Oktoba 2026. Sai na'urar tana kan zubin Windows 10 na ƙarshe, 22H2, kuma an kunna ta da lasisi, a shiga da asusun Microsoft. Kyauta ne in an yarda a ajiye saituna a asusun, in ba haka ba dala 30. Rufus yana tsallake binciken, 11 ɗin zai hau kuma lasisin 10 zai kunna shi, sai dai Microsoft ba ta yi alkawarin sabuntawa ga irin wannan na'urar ba, kuma babban sabon zubi na shekara sai ka saka da hannu. Ka gaya wa mai ita haka kafin ka taɓa.

Mai shagon buga takardu, Bauchi Road: Wadda aka riga aka saka wa kirak fa, cire shi ya wadatar?

Injiniyan sadarwa, Rayfield: Bai wadatar ba, Alhaji, don ba ka san me ya shigo da shi ba. Kwashe takardu da hotuna kawai, ban da duk fayil mai ƙarewa da exe ko wanda aka ƙunshe. Goge faifan gaba ɗaya, ka saka Windows daga filashi mai tsabta, ka bar shi ya gama sabuntawa kafin ka mayar da kaya. Kalmomin sirri kuma a waya za ka sauya su, ba a kan tsohuwar na'urar ba, ka fara da imel, sannan ka danna inda ake fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun.