Kwana biyar, birane huɗu a Uzbekistan tare da dattijo: zai yiwu?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Mahaifina shekararsa 71, kuma tun muna yara muke jin sunan Bukhara a bakinsa, don ya daɗe yana karantar da Sahihul Bukhari. Bana ni da ƙanena muka ƙudurta mu kai shi ya gani da idonsa. Hutun kwana bakwai na samu, biyu za su tafi a jirgi, saura biyar. Ga yadda na raba su: Tashkent ɗaya, Samarkand ɗaya, Bukhara biyu saboda ziyarar kabarin Imam Bukhari, sai Khiva ɗaya. Abin da ke damuna, Baba yana fama da gwiwa, da sanda yake tafiya, kuma ba zai taɓa cewa ya gaji ba, sai dai ki ga ya yi shiru. Watan Yuli muke so. Wanda ya taɓa zuwa don Allah ya duba min.

Abu Yasir:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka miki da alheri kan wannan niyya. Kafin komai ki gyara abu ɗaya: kabarin Imam ba a Bukhara yake ba. A can aka haife shi a shekara ta 194 bayan Hijira, amma a ƙauyen Khartank ya rasu, kimanin kilomita 25 daga Samarkand. Kin ga kwana ɗayan da kika ba Samarkand ba zai kai ko'ina ba. Zuwa Khartank kaɗai zai ci muku safiya guda, kuma mutumin da ya yi shekaru yana cewa "ƙala Bukhari" ba a tsaya masa a ka ana duba agogo a wannan wuri. Bayan haka ga dandalin Registan da makarantunsa uku, ta Ulugh Beg tun 1420 Miladiyya take tsaye, ga kabarin Taimur, ga na Imam Maturidi duk a cikin gari.

Ni da ni ne, Khiva zan cire. Daga Bukhara zuwa can kilomita wajen 450 ne ta cikin hamadar Kizilkum, awa shida zuwa bakwai a mota. Yini guda ya tafi a hanya, ku isa a galabaice, washegari ku kama neman jirgin komawa Tashkent. Sannan ki sake tunani kan Yuli, zafin Bukhara a lokacin yana haura digiri 40. Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba, sun fi.

Ɗan Tafiya:
Malam Abu Yasir, gaskiyarka kan Khartank, amma raina bai so a yar da Khiva haka ba. A cikin biranen nan ita ce ta fi sauƙi ga mai ciwon ƙafa, domin tsohon garin, Ichan Kala, gaba ɗaya a cikin ganuwa yake, komai kusa da komai. Masallacin Juma'arta ba zan manta da shi ba: ginshiƙan katako sama da 200, kowanne da irin sassaƙarsa, ciki duhu-duhu da sanyi, haske na saukowa ta rufi. Hajiya, in zai yiwu ki bar Tashkent ta zama mashiga kawai, ku hau jirgin sama zuwa Urgench, wajen kilomita 30 ne daga Khiva, sai ku gangaro Bukhara da Samarkand.

Inna Rabi:
'Yata, ni na kai mahaifiyata, don haka ki saurare ni. Ɗan Tafiya matashi ne da alama, awa bakwai ɗin nan tana nan ko ta wane ɓangare aka ɓullo mata. Birni biyu sun ishe ku. Wuri ɗaya da safe, a koma masauki a kwanta, wuri ɗaya bayan La'asar.

A Samarkand akwai Shahi Zinda, inda ake danganta kabarin Ƙusam ɗan Abbas. Kyau kam ba a magana, lungu ne siriri, hagu da dama shuɗin tangaran har sama. Amma sai an hau matakala masu tsayi kafin a kai. Sau uku mahaifiyata tana zama a kansu, ni kuma ban tanadi lokacin hakan ba, na yi ta gaggauta ta, har yau abin yana ci min rai. Ku je da sassafe, ku bar Baba ya hau a nitse.

Bukhara kuwa shimfiɗaɗɗiya ce. Ku kama masauki cikin tsohon gari, kusa da tafkin Labi Hauz. Da yamma ku taka zuwa hasumiyar Kalon, ginin 1127 ce, ta riga zuwan Jangis Khan a 1220 kuma ta tsira. Ku samar masa wurin zama tsakanin masallacin Kalon da makarantar Mir Arab, wadda har yanzu ake karatu a cikinta.

Tikitin jirgin ƙasa mai sauri, Afrosiyob, ki saya ta intanet tun da wuri. Awa biyu da 'yan mintuna ne daga Tashkent zuwa Samarkand, daga nan zuwa Bukhara wajen awa ɗaya da rabi. Ni na yi sakaci ya ƙare, muka sha fiye da awa huɗu a mota.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Baba amsoshinku, ina zuwa kan Khartank ya ce ai ya sani, a can Imam ya rasu daren Ƙaramar Sallah, shekara ta 256 bayan Hijira, bai dai so ya rusa min tsari ba ne. Mun tsaya kan Samarkand kwana biyu, Bukhara biyu, na ƙarshe mu koma Tashkent, kuma zan nemi a ɗaga min hutun zuwa Oktoba. Ɗan Tafiya ka yi haƙuri, ƙanena ya ce shi zai je Khiva wata shekarar. Inna, akwai ƙarfen riƙewa a matakalan nan, ko sai mun riƙe shi mu biyu?