Neman kalma: "adopt" da "shelter" idan kare ko mage ake nufi

Mai Fassara: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe 7 na safe zan karanta rahoto a rediyo kan Dokar Lucy ta Ingila, wadda tun 2020 ta hana dillalai sayar da kwikwiyo ko ɗan mage da bai kai wata 6 ba. Lucy karya ce da aka ceto a 2013 daga wata gonar kiwon karnuka a Wales, inda aka tsare ta a keji ana sa ta haihuwa har gadon bayanta ya tanƙware. Masu fafutuka na cewa a je "shelter", wurin da ake ajiye dabbobin da ba su da mai kula da su, a yi "adopt", wato a ɗauki ɗaya a kai gida, a daina saye. Kalmomin nan biyu sun gagare ni.

Uwar Mage: Wa alaikumus salam. Riƙo mana, Malam. Ɗan riƙo ba saye aka yi ba, amana aka karɓa. Magen da na tsinta a bakin kwata, ido duk kwantsa, shekararta 4 a hannuna, kuma riƙonta nake cewa ina yi.

Ɗan Birni: Kiwo ya fi sauƙi.

Uwar Mage: Ai masu gonar su ma kiwo suke yi don riba. Ka ce kiwo, ka haɗa mai ceto da mai ciniki.

Malamin Nahawu: Riƙo na ɗan Adam ne, kada mu zubar da darajar kalma. Wurin kuma ni "madabbata" na ƙirƙira, bisa tsarin makaranta da majema. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina.

Ɗan Birni: Allah gafarta Malam, mai sauraro zai zaci mayanka ce. Gidan marayun dabbobi fa?

Mai Fassara: Yawancinsu ba marayu ba ne, masu su ne suka yasar da su. Gidan Battersea na Landan, da aka kafa a 1860, don ɓatattun karnuka da masu fama da yunwa aka buɗe shi.

Malamin Nahawu: Wanda ya fara cewa "ma'aikata" bai nemi izinin kowa ba. Ku Bature ya ƙirƙira ku karɓa, naku ya ƙirƙira ku ƙi.

Basakkwace: Tun da ana gyara, mu mussa muka sani, ba mage ba. Kullum Hausar Kano a rediyo, kamar mu ba mu da baki.

Uwar Mage: Baba, a bar wannan sai wata rana, bawan Allah yana da aiki gobe.

Mai Fassara: Na gode. Zan ce "karɓar riƙo daga mafakar dabbobi". Mage zan fara faɗa, in biyo da mussa sau ɗaya.

Malamin Nahawu: Mafaka ta wuce, ba laifi. Riƙo dai ban yarda ba, amma lokaci ya ƙure. In an sake shirin, a gwada madabbata.