Likita ya ce a cire nonon gaba ɗaya, in je in ji ta bakin wani?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sakamakon tsokar da aka ɗiba ya fito, sankarar mama ce a na hagu. Likita ya ce a cire nonon gaba ɗaya, har ya ba ni rana. Hankalina ya ƙi kwanciya. Ina so in ga wani likitan, amma ina jin nauyinsa, kada ya ga kamar na raina shi. Wa ta taɓa shiga irin wannan hali?

Anti Rabi: Allah ya ba ki lafiya ƙanwata. Nauyin me? Jikinki ne fa. Ni ma haka aka ce min, na kwashi takarduna na tafi asibitin koyarwa na Shika, a Zariya. Likitan can ya lalluba, ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo, ya ce ƙullutun bai kai santimita 2 ba. Aka cire shi kaɗai da ɗan naman gefensa, aka duba kaluluwar hammata, sannan aka yi min gashi, wato ƙone ragowar cutar da hasken inji. Ya ce in cutar ba ta yi nisa ba, wannan da cire duka ba su da bambanci wajen tsawon rai, muddin an yi gashin. Shekarata 4 ke nan ina shan Tamoxifen, ƙwayar rage haɗarin dawowar cutar.

Hajiya Babba: Ni likita na biyun ma cire duka ya ce, don ƙullutu biyu ne a wurare daban. Amma na shiga tiyata zuciyata a natse.

Baban Amir: Ku yi haƙuri da namiji a cikinku, matata ce ta yi. An ba mu zaɓi, muka zauna muka yi lissafi: gashin nan makonni ake yi ana zuwa kullum, ga kuɗin mota da masauki, ga injin yakan tsaya. Ita da bakinta ta ce a cire duka. Ki tambaya tun yanzu, ina za a yi miki gashin, kuma yaushe?

Anti Rabi: Na manta, ki tafi da sakamakon tsokar da duk hotunanki. Ki tambaya ko an yi gwajin ER, PR da HER2 (masu nuna irin maganin da zai dace da cutar), wani lokaci ma kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ake fara yi ƙullutun ya ragu. Kuma ki je cikin satin nan, ba watanni ba. Ban da masu shafe-shafen magani don Allah.

Maman Hanifa: Na gode, Allah ya saka da alheri. Litinin zan je. Ranar tiyatar dai ban soke ta ba tukuna.