Wa ya taɓa sare kusurwoyin dunƙule ya ga siffar da ta fito?

Malamin lissafi: Salamu alaikum jama'a. Makon jiya na feƙe doya ta zama kamar ɗan lido, fuska 6, na shiga aji da ita. Na sa alama a tsakiyar kowane gefe, na sare kusurwoyin nan 8 har kan alamar. Sai ga murabba'i 6 da alwatika 8, fuska 14 ke nan. Yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba su ne suka yi ta rige-rigen ƙirgawa. Wanda ya taɓa gwada irin wannan ya ba mu labari.

Kafinta: Wa alaikumus salam Malam. Ni da katako na yi. So nake kowace fuska ta koma mai gefe 8 daidai wa daida, sai na raba gefen gida uku na yanke. Bai yi ba, inda zarto ya bi ya fi tsawo. Sai da na ɓata katako biyu na gane cewa in gefen santimita 10 ne, kusan 2.9 ake ci daga kowace kusurwa.

Wata malama: Rabon gida ukun nan yana da inda yake aiki, Malam kafinta. Tsohuwar ƙwallon ɗana na farke, muka shimfiɗa fatun a tabarma: baƙaƙe masu gefe biyar guda 12, farare masu gefe shida guda 20, irin ƙirar Telstar da aka buga gasar cin kofin duniya da ita a Meziko a 1970. Asalinta dunƙule ne mai alwatika 20, alwatika biyar na haɗuwa a kowace kusurwa. In ka sare kusurwoyinsa 12 a kashi ɗaya cikin uku na gefe, kowane sara ya bar mai gefe biyar, kowace alwatika ta koma mai gefe shida. Tana cikin siffofi 13 da ake dangantawa da Arkimidis, masanin lissafi na tsohuwar Girka.

Ɗalibin kimiyya: Ni na sha wuya da kwali. Masu gefe shida zalla na yanka, na kwana ina mannawa, abin ya ƙi lanƙwasa, yana nan a shimfiɗe kamar saƙar zuma. Ashe uku in sun haɗu, digiri 120 sau uku 360 ne cif, ba gurbin da zai rufe. Da na sa mai gefe biyar, mai digiri 108, jimla ta koma 348, kwalin ya tashi da kansa a hannuna. Wallahi har yau ina tuna lokacin. Siffar ƙwallon nan ta Malama ita ce siffar C60, ƙwayar sinadari mai atom 60 na kabon, da aka gano a 1985.

Malamin lissafi: Madalla, na gode ƙwarai. Na gwada ƙa'idar masanin lissafi Oila, wadda ta ce a irin waɗannan siffofi in an cire yawan gefe daga yawan kusurwa aka ƙara yawan fuska 2 ake samu, a kan ƙwallon Malama: kusurwa 60, a cire gefe 90, a ƙara fuska 32, saura 2. Doyata ma kusurwa 12, gefe 24, fuska 14, biyun ce ta fito. Sai dai kafin a tashi ta fara baƙi, don haka mako mai zuwa sabulun wanki zan saya wa kowane benci.